MAKARANTUN YARJEJENIYA: ABIN DA YA KAMATA MU NEMA A MAJALISAR JIHA

 

Ya ku 'yan'uwa malamai da iyayen yara na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, maganarmu a yau tana kan makarantun Islamiyya da muka gina da guminmu. Malamansu sun dogara ne ga ɗan abin da iyaye ke biya. Tun da 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu, iyaye da dama sun gaza, malamai suna ajiye alli, yara suna komawa gararamba.

Akwai wani tsari a Amurka da ya dace mu sani. A shekarar 1991 jihar Minnesota ta kafa dokar da ta ba jama'a damar buɗe makaranta bisa rubutacciyar yarjejeniya da hukuma. Gwamnati ke ba da kuɗi gwargwadon yawan ɗalibai, jama'a ke gudanarwa, yara na karatu kyauta, in an saɓa sharuɗɗa a rufe makarantar. Yanzu jihohi fiye da 40 suna da irin wannan doka. Sai dai dokokinsu ba su yarda da makarantar addini ba. A 2025 alƙalan Kotun Ƙolinsu suka rabu 4 da 4 kan wata makarantar Katolika a Oklahoma, hanin ya zauna daram. Ingila kuwa ta yarda, domin makarantar Islamia ta Landan, wadda Yusuf Islam ya kafa a 1983, ta fara samun kuɗin gwamnati a 1998.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba majalisar jiha ikon yin doka a kan ilimin firamare da sakandare. Saboda haka muna kira ga Majalisar Dokokin Zamfara ta yi dokar da za ta ɗora wa gwamnati albashin malamai, ta bar wa jama'a mallakar makaranta da zaɓen malaman Alƙur'ani da Tauhidi da Fiƙihu. Doka muke nema, domin kyautar gwamna takan tafi tare da gwamnan. Kuma ba mu manta yadda gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan da na jama'a a shekarun 1970 ba.

Mu ma akwai nauyi a kanmu. Wajibi ne mu koyar da lissafi da Turanci da kimiyya yadda ya kamata, mu buɗe littattafan kuɗinmu ga masu bincike, kada mu rubuta sunan yaron da ba ya aji. Suratul Ma'ida ta buɗe ne da umarnin cika alkawari, kuma yarjejeniya alkawari ce.

Kowane kwamitin makaranta ya tattara adadin ɗalibansa da malamansa, mu kai wa wakilanmu a Gusau da murya ɗaya.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu dace.