Ruwan da Muke Kora da Tsintsiya a Agusta



Bari in fara da gidanmu a nan Kano. Muna da rijiya a tsakar gida, tun kafin a haife ni aka haƙa ta. Muna yara ba ta taɓa ƙafewa ba. Yanzu kuwa, da watan Maris ya kama, guga sai dai ya ɗebo laka, mu koma jiran ɗan ga-ruwa. Amma a watan Agusta, ni da ƙannena ne muke kwana da tsintsiya da bokiti muna korar ruwa kada ya shiga ɗakin Hajiya. Gida ɗaya fa, shekara ɗaya!

To ina ruwan yake tafiya? Ruwan rijiya da na burtsatse ba wani kogi ba ne a ɓoye. Ruwan sama ne da ya tsuma cikin ƙasa a hankali. Kano kuma a kan dutse take zaune, ruwan yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagogi, don haka ma'ajiyar ba ta da yawa. Da can kududdufan cikin birni, inda aka ɗebi ƙasar gini, su suke tare ruwan damina, ƙasa ta sha. Mun cike da yawansu mun yi gini. Mun shafe tsakar gida da siminti. Kowa kuma ya haƙa burtsatse. Muna ta ɗiba, ba ma mayarwa.

Ku ɗauki biro mu yi lissafi. Ruwan milimita 1 a kan rufi mai murabba'in mita 1, lita 1 ne. Kano takan samu kusan milimita 800 a shekara. Idan kwanon gidanku murabba'in mita 100 ne, lita 80,000 ke nan ke gangarowa ta indararo. Jarka 3,200 mai lita 25. Ka ninka da kuɗin jarka a unguwarku, ka ga abin da kake zubarwa a kwata.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A Indiya, jihar Tamil Nadu ta wajabta tara ruwan sama a gine-gine tun 2003. A Nijar kuma, manoman Tawa suna haƙa tassa da rabin wata don ƙasa ta riƙe ruwa.

Me za mu yi a gida? Na farko, a haɗa indararo da tanki ko duro mai murfi, saboda sauro. A bar ruwan farko ya zube tukuna, shi ke wanke ƙura da kashin tsuntsaye. Wanda za a sha a tafasa.

Na biyu, rarar da tanki ya kasa ɗauka a kai ta rami, a jera manyan duwatsu a ƙasa, sai tsakuwa, sai yashi a sama. Amma don Allah a nisanta shi da masai da tushen gini, kuma kada a haɗa shi da ruwan kwata. In ba haka ba, rijiyar maƙwabci za ka gurɓata.

Na uku, in za ku yi daɓe, ku bar wa ƙasa wurin shan ruwa, ku dasa bishiya a wurin.

Mu mun haƙa namu ramin bana, Baba yana ta dariya wai digirina ya ƙare a haƙar rami. Na san ramin gida ɗaya ba zai dawo da rijiya ba, sai layi ya haɗu. Shi ya sa nake roƙon matasa, ku kai maganar nan masallaci da wajen mai unguwa kafin damina ta faɗi.

Ku faɗa mana, a wane wata rijiyar unguwarku take ƙafewa?