ƘULLUN WAINA DA LAFIYAR IYALINMU



Na san ba wanda ya manta da mai wainar da ke zama a bakin ƙofar makaranta lokacin tara. Yau a kan ƙullun wainar nan zan yi magana, domin akwai ilmin kimiyya a cikinsa.

Idan aka jiƙa shinkafar tuwo, aka niƙa, aka bar ƙullun ya kwana, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke kama aiki. Suna cin sukarin da ke cikin ƙullun, suna mai da shi sinadarin nan mai sa nono tsami. Masanin Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya bayyana a 1857 cewa abu mai rai ne ke haddasa wannan tsami. Dangin ƙwayoyin nan ne ke aiki a kindirmo da kamu.

To, mene ne amfaninsu? Na farko, tsamin yana tsare abinci. Waɗanda ba su yi barci a ajin kemistiri ba za su tuna ma'aunin pH. Idan ƙullu ya sauko zuwa wajen 4, yawancin ƙwayoyin cutar gudawa ba sa iya hayayyafa a cikinsa. Saboda muhimmancin wannan ga abincin yara ne Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kira taron masana a Piretoriya a watan Disamba na 1995.

Na biyu, hatsi yana ɗauke da wani sinadari, fayitet, wanda ke riƙe ƙarfe da zink ya hana jiki cin moriyarsu. Tsamin da ƙullu ke yi yana rage shi, sai hanji ya fi samun ƙarfen da ke gina jini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mata masu juna biyu da yaran da aka yaye. Mutanen kudancin Indiya ma haka suke kwanar da ƙullun shinkafa da wake, su yi abincinsu idli da dosa.

Amma fa sai mu yi hattara. Zafin tanda yana kashe ƙwayoyin nan, don haka abin da muke amfana da shi aikin da suka gama ne kafin suya. Kuma waina da sinasir shinkafa ce. Mai ciwon sukari ya ci da lissafi, ya rage mai da sukari. Sannan dafaffiyar shinkafa da ta kwana a waje ba ƙullu ba ce, tana iya jawo amai da gudawa.

Abin da ke damuna shi ne gaggawar zamani. A gidaje da yawa ana zuba yis da bakin foda, ƙullu ya tashi cikin sa'a biyu, a hau suya. Waina za ta yi kyan gani, amma ba a bai wa ƙwayoyin tsami lokacin aikinsu ba.

Roƙona gare ku, idan mun koma gida, mu sa a riƙa barin ƙullu ya kwana cikin tsabtataccen mazubi mai murfi, da ruwa mai tsabta, yadda iyayenmu mata suka saba.