Ilmin Harshe a Matsayin Fanni na Biyu



An sha tambayata, wai mene ne amfanin ɗalibin shari'a ko na aikin mulki ya ɗauki ilmin harshe a matsayin fanninsa na biyu, alhali kuwa da Hausa aka yaye shi? Amsata ita ce, iya magana daban, sanin yadda magana take aiki daban. Direba ba ya damuwa da cikin inji sai ran da mota ta mace masa a daji.

Ku dubi kalmar kuka. A rubuce ɗaya ce, amma akwai wanda yaro ke yi, akwai itaciyar da ake miya da ganyenta. Haka wuya, haka gari. Abin da ya raba su shi ne karin sauti ko tsawon wasali, rubutunmu na boko kuwa bai nuna ko ɗaya ba. Shi ya sa Bargery ya ɗauki wahalar nuna su a ƙamusunsa na 1934.

Sa'an nan ga aikatau. Ya sayi gona, ya saye gona, ya sayar da gona: saiwa ɗaya, ma'ana uku. Parsons ne ya tsara irin waɗannan sigogi kashi bakwai a 1960. To, in tafinta ya rikita su a gaban alƙali, ko akawun kotu ya rubuta bashi inda shaida ya ce ba shi, manomi yana iya rasa gonar gado. Wa zai gano kuskuren? Sai lauyan da aka horar da kunnensa.

Bugu da ƙari, harsunan Nijeriya sun haura 500. Ma'aikacin da aka tura Filato ko Adamawa, in ya san yadda ake furta sauti da yadda ake gina jimla, ya tafi da mabuɗin koyon harshen mutanen da zai yi wa aiki.

Saboda haka ina jan kunnen ɗalibai, kada ku shiga fannin nan don neman maki cikin sauƙi, gama babu sauƙi a cikinsa. Duk ƙa'idar da aka koya muku da misalin Turanci, ku gwada ta a kan harshen da kuke yi a gida. In ta zauna, kun ƙaru. In ta ƙi, kun sami abin bincike.