Kada Mu Bar Jaki Muna Dukan Taiki

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya na Ƙaramar Hukumar Gagarawa



An ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani kuka da ya yawaita a bakin malamai masu aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka. Kukan kuwa shi ne, da zarar kwamfuta ta sabunta manhajarta sai intanet ya yi nauyi: shafi ya ƙi buɗewa, saƙo ya ƙi tafiya, data kuma ta ƙare ba a san inda ta shiga ba. Maganin da aka fi ba juna shi ne a kai ta wurin mai gyara ya toshe sabuntawar ɗungurungum. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, sau da yawa ba a nan gizo yake saƙa ba, kuma wannan magani ya fi cutar illa.

Mu fara da dalilin da ya sa batun ya cancanci lokacinmu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma ita ce ƙofar da yaran da ke gabanmu a yau za su bi gobe. Jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rijistar malamai, wato TRCN, ita ma a kwamfuta ake zana ta. Cike takardu, aika ƙididdigar ɗalibai, neman ƙarin karatu da duba sakamako duk sun koma intanet, kuma kowannensu yana da ranar rufewa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Akasarinmu daga albashi muke sayen datar da muke yi wa makaranta aiki da ita. Don haka intanet mai nauyi asarar kuɗi ce, wani lokaci ma asarar dama ce da ba ta dawowa sai baɗi.

Domin mu gane inda cutar take, sai mun san hanyar da saƙo yake bi. A yankinmu, mafi yawanmu muna kunna hosfot a waya ne mu jona kwamfuta da ita, wasu kuma suna da 'yar na'urar nan mai ɗaukar layin waya. Ke nan zango uku ne. Na farko daga kwamfuta zuwa waya, ta cikin iskar ɗaki, shi ne ake kira Wi-Fi. Na biyu daga waya zuwa ƙarfen sabis. Na uku daga ƙarfen sabis zuwa sauran duniya, ta wayoyin da aka binne a ƙasa da waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Kowane zango na iya samun cikas, alhali mai kwamfuta abu ɗaya yake gani, wato shafin da ya ƙi buɗewa.

Zango na uku ba ya hannunmu. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke gaɓar Afirka ta Yamma sun lalace, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Ghana da Kodebuwa da wasu ƙasashe, har bankuna suka shiga matsala. Duk wanda kwamfutarsa ta sabunta a daren da ya gabata, da sai ya rantse sabuntawar ce ta jawo masa. Zango na biyu shi ma yana da nasa halin. Ƙarfen sabis ɗaya ne ke ɗaukar jama'ar gari da na ƙauyukan kewaye, kuma ƙarfinsa rabawa ake yi. Shi ya sa intanet ke sauƙi da asuba ya yi nauyi bayan isha'i. 'Yan'uwanmu na Maigatari sun san bambancin da ke tsakanin ranar Alhamis ta kasuwa da sauran ranaku. Sun kuma san cewa a bakin iyaka wayar da aka bar wa zaɓin layi na iya kamo sabis na Nijar, ko ta yi ta kai-kawo tsakanin biyun.

Zango na farko shi ne wanda ke hannunmu, shi ne kuma aka fi jahilta. Wi-Fi rediyo ne. Duk wanda ya taso yana murɗa akwatin rediyo a gajeren zango ya san yadda tasha ke shiga cikin tasha har maganar ta dagule. Mafi yawan tsofaffin kwamfutocinmu a kan zango mai lamba 2.4 suke aiki. An raba wannan zango zuwa layuka 13, amma sun matsu da juna ƙwarai, ta yadda uku ne kawai, na 1 da na 6 da na 11, ba sa taka juna. Ƙa'idar na'urorin kuwa irin ta ajinmu ce: kowa ya saurara, in wani yana magana a jira ya gama. Ku ɗauka an zuba aji uku a ɗaki ɗaya babu bango a tsakani, kowane malami yana jiran ɗan'uwansa ya yi shiru kafin ya buɗe baki. Darasin minti talatin da biyar sai ya ci rabin yini. Abin da ke faruwa ke nan a ofishin malamai ko a zauren bita idan mutum goma sha biyar suka kunna hosfot goma sha biyar. Kowa datarsa daban, amma iskar ɗakin ɗaya ce.

Ba wayoyi kaɗai ke cunkoso a wannan zango ba. Bluetooth ma a nan yake, wato abin sauraren da muke maƙalawa a kunne, da lasifikar da ba ta da waya. Linzamin kwamfuta marar waya shi ma yawanci a nan yake. Akwai kuma wani abin mamaki da kamfanin Intel ya bayyana a 2012: kafar USB mai sauri, wadda galibi ake gane ta da shuɗin harshe, tana fitar da hayaniya a daidai wannan zango idan an soka mata ma'ajiya. Sannan ga gini. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe suna tare saƙon rediyo, katangar ƙasa mai kauri tana shanye shi, haka ma jikin ɗan Adam, domin akasarinsa ruwa ne. Wayar da ke cikin aljihu, ko cikin durowar ƙarfe ta ofishin hedimasta, da rabin murya take magana. A watannin bazara kuma wayar da ta ɗau zafi tana rage aikinta da kanta don kada ta lalace.

To, ina laifin sabuntawa a cikin wannan duka? Tana da nata kason, ba za mu wanke ta tas ba. Na ɗaya, sabuntawa ba ta ƙarewa lokacin da kwamfuta ta sake kunnuwa. Sau da yawa tana ci gaba da jawo ragowar kaya a ɓoye, sauran manhajoji ma su bi sahu. Manyan sabuntawar Windows kan kai gigabait da dama, kuma kwamfuta kan ɗauki hosfot ɗin malami tamkar rijiyar da ba ta ƙafewa, sai dai in an shaida mata. Na biyu, akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke sarrafa na'urar Wi-Fi da ke cikin kwamfutar. Sabuntawa na iya musanya ta da wata wadda ba ta jitu da tsohuwar na'ura ba. Na uku, tana iya mayar da wasu saituna yadda suke tun asali, kamar na tsimin batir, wanda ke rage ƙarfin Wi-Fi idan ba a jona kwamfuta da wuta ba. Mu kuwa a nan mun fi aiki a kan batir.

Tun da masu laifin suna da yawa, bai kamata mu yanke hukunci kafin bincike ba. A darasin kimiyya muna koya wa 'yan aji biyar cewa idan ana son sanin abin da ya hana iri tsirowa, abu ɗaya ake canzawa a bar sauran yadda suke. Mu yi aiki da abin da muke koyarwa.

Mataki na farko, a kashe hosfot a buɗe shafin a wayar kanta. In a can ma yana nauyi, kwamfuta ba ta da laifi. Sai a canza wuri, ko lokaci, ko layi. Mataki na biyu, in waya tana gudu, a jona ta da kwamfuta ta igiyar caji mai ɗaukar bayanai, a kunna raba intanet ta igiya. In abu ya gyaru, to iskar ɗakin ce ta cunkushe, kuma igiyar ita ce magani mafi arha, ga shi tana cajin wayar. Wanda ba shi da igiya ya kashe Bluetooth, ya zare ma'ajiyar da ke kafar USB, ya fito da waya daga aljihu ya ajiye ta kusa da taga, a inuwa. In waya da kwamfuta duk suna iya zango mai lamba 5, a koma can. Ba ya nisa kuma ba ya ratsa bango sosai, amma layukansa suna da yawa, cunkoso kaɗan ne. Mataki na uku, a gwada kwamfutar wani malami a wuri ɗaya da waya ɗaya. In tasa tana gudu taka tana rarrafe, sai a wannan lokaci zargi ya hau kan kwamfutarka. A duba ko tana jawo wani abu a ɓoye, a ba ta lokaci ta gama. In ba haka ba ne, Windows ya tanadi hanyar mayar da direban Wi-Fi kaɗai zuwa na da, ba tare da an taɓa sauran gyare-gyaren ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mu ce wa mai gyara ya yi, a gabanmu.

Akwai kuma rigakafi guda biyu. A cikin saitin intanet akwai maɓallin da ke shaida wa kwamfuta cewa datar wannan layi ta awo ce. A Turance an rubuta masa Metered connection. Duk mai amfani da hosfot ya kunna shi tun yau. Sannan a sani cewa kamfanin Microsoft yana fitar da gyare-gyarensa na tsaro ne a ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma ya ba da damar ɗage sabuntawa har tsawon mako biyar. In akwai aikin da za a aika mai ranar rufewa, a ɗage ta, a gama aikin, sannan a sake ta a daren da data ke da rangwame. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa muka dage cewa ɗagewa za a yi, kada a toshe? Mun san sabuntawa kan yi ɓarna. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata gurguwar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi. Amma ku dubi ɗaya ɓangaren. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft kuwa ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Kwamfutocinmu suna ɗauke da sunayen yara da makinsu, da takardun aikinmu, da hanyar shiga asusun albashinmu, kuma kullum muna yawo da filashi daga wannan zuwa waccan. Wanda ya toshe sabuntawa don ya tsira da datar dubu biyu, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Masu Windows 10 kuma su sani cewa tallafinsa na yau da kullum ya ƙare a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka duk mai shirin sayen kwamfuta ta hannu ya tabbatar za ta ɗauki Windows 11.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Jiharmu ba baƙuwar wannan fage ba ce, domin tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa kamfanin Galaxy da cibiyar Informatics ta Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su farga ba. Ba abin kunya ba ne mu nemi wannan gado ya iso makarantun karkara. Muna gabatar wa shugabannin reshe shawarwari uku. Na farko, a duk bitar da za a shirya, a tanadi na'urar raba intanet guda ɗaya mai zango biyu, a roƙi mahalarta su kashe nasu hosfot ɗin. Na biyu, reshe ya miƙa wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma buƙatar cewa duk aikin ofis da aka ce a aika ta intanet ya zo da kuɗin datarsa, kuma a ba makarantun da ke nesa da ƙarfen sabis wa'adi mai faɗi. Na uku, a kowace gundumar makarantu a zaɓi malami ɗaya ko biyu masu hannu a wannan harka, musamman cikin matasan da suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, su zama wurin tuntuɓa kafin a kai kwamfuta kasuwa.

Muna roƙon kowannenmu, kafin taro na gaba, ya gwada matakan nan uku a makarantarsa, ya rubuta wuri da lokaci da abin da ya gani. Idan muka haɗa na Gagarawa da na maƙwabtanmu, za mu san makarantun da matsalarsu ta ɗaki ce da waɗanda tasu ta ƙarfen sabis ce, sai mu je gaban hukuma da hujja a rubuce.