UWA, DUBA BAKIN ƊANKI KOWACE SAFIYA

Yau maganarmu a kan bakin yaro take, don akwai wata muguwar cuta da ke somawa daga dasashi. Likitoci suna kiranta noma, amma fa ba noman gona ba. Waɗansu kan ce ciwon daji, waɗansu ciwon iska. To, ba iska ba ce, ba kuwa sammu ba, kuma yaro ba ya ɗaukarta daga wani yaro. Ƙwayoyin cuta ne na cikin baki suke samun galaba idan jiki ya raunana.

WA TAKE KAMAWA?

Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, watau daga yaye zuwa lokacin famfara. Yaron da ke da tamowa, ko wanda ya tashi daga baƙon dauro ko zazzaɓin cizon sauro, shi ne ya fi shiga hatsari. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe yara 9 cikin 10. Wanda ya rayu kuwa sai ta bar shi da rami a fuska, ko muƙamuƙi ya ƙage, ci da magana su gagara.

ALAMOMINTA

1. Dasashi ya yi ja, yana jini in an taɓa.
2. Baki yana wari ƙwarai, miyau yana dalala, yaro ya ƙi abinci.
3. Kunci ɗaya ko leɓe ya kumbura, ga zazzaɓi.
4. Baƙin tabo ya bayyana a kunci, sa'an nan wurin ya ɓule.

Daga kumburi zuwa ɓulewa 'yan kwanaki ne kawai. Saboda haka da kin ga ta ɗaya ko ta biyu, ki goyo shi ki zo a ranar. Kada ki jira ranar kasuwa, kada ki jira maigida ya dawo daga fatauci. A wannan mataki magani mai sauƙi ne: maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. Ban da tsaga, ban da sakiya, ban da shafe-shafe.

KADA KI CE "HAƘORI NE"

Haƙorin farko yakan fito wajen wata 6, kafin shekara 3 kuma an cika 20. Fitar haƙori takan sa ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo zawo ko zazzaɓi mai zafi. In kin ga waɗannan, wata cuta ce dabam. Ki kuma guji maganin haƙorin da ake talla a faranti. A 2008 zuwa 2009 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin ya hallaka yara 84 a ƙasar nan.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ki ba jariri nono zalla har wata 6. Bayan haka ki ci gaba da shayarwa, ki ƙara da kunun gyaɗa, da wake, da zogale, da ƙwai in ya samu. Ki kawo shi allurar baƙon dauro a wata 9, ta biyu a wata 15. Safe da dare ki goge masa dasashi da haƙora da tsumma mai tsabta da tafasasshen ruwa. In ya tasa, sai ki koya masa asuwaki ko buroshi. Ki rage masa alewa da lemon kwalba.

Wadda kuma ta san yaron da cutar ta riga ta ɓata wa fuska, ta gaya wa iyayensa kada su ɓoye shi a ɗaki. Akwai asibitin noma a Sakkwato tun 1999, inda ake gyaran fuska kyauta. A watan Disamba 2023 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta.

To, iyayena, kafin ku tashi kowa ta ɗaga leɓen ɗanta mu duba tare. In kun koma gida ku gaya wa abokan zama da maƙwabta. Allah ya raya mana su, amin.