Maƙwabcin da aƙidarsa ba ta yi maka ba

A zamanin Daular Usmaniyya, Maguzawa na noma a ƙauyukan ƙasar Kano, suna tsafinsu, suna biyan jiziya, ana cin kasuwa tare da su. Babu malamin da ya ce tsafin daidai ne, amma an bar su da gonakinsu.

Yau sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini. Iyakar wannan haƙuri ita ce makami. Da mabiyan Maitatsine suka ɗauke shi a 'Yan Awaki, Disambar 1980, rayuka sama da 4,000 suka salwanta.

Wanda ya tsaya ga baki, ku mayar masa da hujja. In ya karya doka, ku kai shi gaban alƙali, kada matasa su yanke masa hukunci.