Mu Auna Ma'aunin Kafin Mu Auna Ɗalibi

 

A shekarar 1976, wasu masana biyu a Jami'ar Gothenburg ta ƙasar Swidin, Ference Marton da Roger Säljö, suka ba ɗalibai wani rubutu su karanta, sannan suka zauna da su ɗaya bayan ɗaya suna tambayarsu yadda suka yi karatun. Wasu manufar marubucin suka bi, wasu kuwa tsintar abin da suke zaton za a tambaye su suka yi. Daga nan aka fara maganar karatu mai zurfi da karatun sama-sama. Da yake hira da ɗalibi ɗaya-ɗaya tana cin lokaci, John Biggs a Ostireliya ya fitar da takarda mai tambayoyi 42 a 1987. A 2001 shi da David Kember da Doris Leung suka taƙaita ta zuwa 20, goma ga zurfi, goma ga sama-sama, ɗalibi yana zaɓar amsa daga 1 zuwa 5.

Irin wannan takarda nake yawan gani a kundin ɗalibanmu na digiri na biyu. An sauko da ita daga intanet, an raba, an tattara, an yanke hukunci. Alhali mudun wata kasuwa ba lallai ya yi daidai da na wata ba.

Ku dubi abin da ya faru a Hong Kong. Malamai baƙi sun ɗauka ɗaliban Sin 'yan hadda ne kawai, amma sai ga su suna yin fice a lissafi da kimiyya. Da masu bincike irin su Kember da David Watkins suka zauna da su, sai ta bayyana cewa da yawansu suna maimaita darasi ne domin ma'anarsa ta buɗe musu. Hadda a wurinsu hanya ce zuwa ga fahimta. To mu fa? Yaron da ya taso da allo, ya yi tilawa, ya hardace Ahalari kafin malam ya warware masa shi, idan ka tambaye shi ko yana maimaita abu har ya zauna masa a ka, zai ce ƙwarai kuwa. Takardar sai ta jefa shi cikin 'yan sama-sama. An zalunce shi, kuma an ɓata binciken.

Fassara mai kyau wajibi ce: wani ya juya zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar, a gwada su, kamar yadda Richard Brislin ya bayyana a 1970. Amma abin da na fi ba muhimmanci shi ne zama da ɗalibin. Ka ba ɗaliba takardar, ka ce, "Malama, karanta tambaya ta bakwai, me kika gane ana tambayarki?" Ka lura da inda biro ya tsaya. Ka kuma tuna cewa ɗalibinmu, saboda ladabi, ba ya son ce wa malami a'a, musamman in malamin na tsaye a kansa. Kada a sa suna, kuma kada mai koyar da kwas ɗin ya raba takardar.

Sai lissafi. An saba neman 0.7 a ma'aunin Cronbach na 1951, amma shi daidaiton amsoshi kaɗai yake nunawa, ba ya shaida cewa abin da ake nufi aka auna. Su Biggs kansu 0.73 suka samu a ɓangaren zurfi, 0.64 a na sama-sama, kuma haka suka buga. Dole a bincika ko tambayoyin sun rabu gida biyu a wurin ɗalibanmu yadda suka rabu a wurin su Biggs.

Roƙona ga malamai masu duba kundi: kada ku sa hannu a babi na uku sai ɗalibi ya nuna muku gwajin da ya yi wa takardarsa a kan ɗaliban da zai auna.